Shekarar 614 Miladiyya: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Shekarar da Aka Rinjayi Rumawa

Duk wanda ya zauna wajen tafsirin azumi har aka kai juzu'i na 21 ya ji ayar da ke cewa an rinjayi Rumawa. Da yawanmu mukan ji ta mu wuce, kamar labarin wasu mutane can da ba su da suna ba su da gari. Alhali mutane ne masu sunaye, garuruwansu na nan har gobe, kuma an tono ƙasusuwan waɗanda aka kashe a wannan shekara. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Me ya faru a 614 har ake ware ta?

A cikinta sojojin Farisa suka ci birnin Ƙudus daga hannun Rumawa, suka kashe dubban mutane, suka kora wasu dubbai zuwa bauta, suka ɗauke abin da Kiristocin duniya suka fi girmamawa a lokacin. Shekara 8 ke nan kafin Hijira, wato wajen shekara ta 4 zuwa ta 5 da fara saukar wahayi ga Annabi Muhammadu (SAW) a Makka.

Su waye waɗannan Rumawa? Mutanen birnin Rum na Italiya ne?

A'a. Sarautar Rum ta yamma ta rushe tun 476. Wadda ta rage ita ce ta gabas, mai hedikwata a Kustantiniyya, birnin da ake kira Istanbul a yau. Yawancinsu Girkanci suke yi, addininsu Kiristanci, amma da sunan Rumawa suke kiran kansu, kuma da shi Larabawa suka san su. Sham, Falasɗinu, Masar, ƙasar Turkiyya ta yanzu da gaɓar Afirka ta Arewa duk a hannunsu suke. Sarkinsu a 614 shi ne Hirakal.

Farisa kuwa tana ƙarƙashin gidan sarautar Sasan, fadarsu tana Mada'in a bakin kogin Dijla, kudu da inda Bagadaza take yanzu. Addinin gidan sarauta Majusanci ne, mai ɗakunan ibada da ake kunna wuta ba a barin ta ta mutu. Sarkinsu Kisra na Biyu, wanda ake wa laƙabi da Farwez, wato mai nasara.

Me ya haɗa su faɗa?

Gabarsu ta girmi kowa a cikinsu, amma wannan zagayen yana da mafari sananne. A 590 wani kwamanda ya yi wa Kisra tawaye, ya kore shi daga gadon mulki. Kisra ya gudu wajen abokan gabar gidansu, ya faɗa hannun Sarkin Rum Moris. Moris ya ba shi sojoji, a 591 aka mai da shi kan karagarsa, shi kuma ya biya da ƙasa, har da yanki mai faɗi na Armeniya.

Bayan shekara 11 sai Moris ya umarci rundunarsa ta yi zaman hunturu a tsallaken kogin Danub, cikin ƙasar abokan gaba. Sojoji suka ƙi, suka ɗaga wani ƙaramin hafsa mai suna Fokas. A Nuwamba 602 aka yanka 'ya'yan Moris maza biyar a gaban idonsa, sannan aka bi da shi. Kisra ya ce zai ɗaukar wa mai gidansa fansa. Ba na shakkar cewa akwai zafin kisan a ransa, amma abin da ya biyo baya ya nuna har da biyan bukata. A 610 Hirakal ya taso da jiragen ruwa daga Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya kifar da Fokas ya kashe shi, ya aika wa Kisra cewa an hukunta mai laifi, a yi sulhu. Kisra ya yi kunnen uwar shegu. Yana kan cin garuruwa, me zai sa ya tsaya? A 613 aka fatattaki Hirakal da kansa kusa da Antakiya, Dimashƙ ta faɗi a shekarar, hanyar Falasɗinu ta buɗe.

Yaya aka yi Ƙudus ta faɗi?

Da farko ba a zubar da jini ba. Birnin ya miƙa wuya ga kwamandan Farisa Shahrabaraz, aka ajiye 'yan sojoji kaɗan su tsare shi. Babban limamin Kiristocin birnin, Zakariya, yana cikin masu son a lallaɓa a zauna lafiya, don ya san babu rundunar Rum da za ta kawo ɗauki. Bayan 'yan watanni samarin gari suka yi bore, suka kashe sojojin Farisa da ke ciki, suka auka wa Yahudawa. Shahrabaraz ya juyo da runduna ya yi wa birnin ƙawanya. Wajen kwana 20 ana jifan ganuwa da manjaniƙi, wato abin harba manyan duwatsu, ana haƙa rami a gindinta, ana cusa itace a cinna wuta har ta rufta. Wannan ya faru ne a tsakanin Afrilu da Mayu. Da suka shiga, kwana uku aka yi ana kisa da wasoso.

Mutum nawa aka kashe?

Marubutan da suka zo da labarin sun ba da adadi daga 17,000 har zuwa 90,000, kuma mai na ƙasan ya ce an kora wasu 35,000 a matsayin bayi. Manyan alƙaluman sun fito ne daga alƙalamin mutanen da ke cikin baƙin ciki da fushi, don haka masana na yau suna ɗaukar su da taka-tsantsan. Amma kisan kansa ba tatsuniya ba ne.

Wani rahibi, wato Kiristan da ya keɓe kansa don ibada, mai suna Istiratijiyus, wanda ya rubuta labarin faɗuwar birnin, ya ambaci wani mutum Toma da matarsa da suka bi lungu-lungu suna kwashe gawarwaki suna binnewa. Ya ce wuri mafi muni shi ne tafkin Mamilla, wani wurin tara ruwa a yamma da ganuwa, inda aka tsare kamammu. A wajen 1990 masu haƙar kayan tarihi suka tono wani kogon dutse kusa da wannan tafki, cike da ƙasusuwan ɗaruruwan mutane da aka jibga a kan juna, mata sun fi yawa a cikin waɗanda aka tantance. A bakin kogon akwai ɗan ƙaramin ɗakin addu'a, a daɓensa an rubuta da Girkanci cewa don ceton waɗanda Allah ne ya san sunayensu. Wannan rubutu ya fi duk alƙaluman can taɓa ni. Wanda ya sa aka yi shi bai san ko su waye ya binne ba, ya dai ƙi barin su a fili.

Wani abin da haƙar ta nuna shi ne yawancin majami'un birnin ba su rushe kamar yadda tsofaffin labarai suka faɗa ba. Mutane aka fi hallakawa, ba gine-gine ba.

Wane abu ne aka ɗauke da ya girgiza Kiristoci haka?

Guntun itacen da suka yi imani a kansa aka gicciye Annabi Isa (AS). Musulmi ba su yarda an gicciye shi ba, wannan sananne ne, amma wanda ke son fahimtar 614 dole ya kalli abin da idon masu shi. A wajensu Helana, mahaifiyar Sarki Kustantin, ita ta gano itacen wajen 326, aka adana shi a babbar majami'ar Ƙudus, kusan shekara 300 masu ziyara na zuwa daga nesa su sumbace shi. Da aka ɓoye shi, Farisawa suka azabtar da malaman majami'a har aka nuna musu wurin. Suka tafi da shi Farisa tare da Zakariya.

Rumawa sun daɗe da sakankancewa cewa daularsu ita ce daular da Allah ya zaɓa ya kuma tsare. Ga shi masu bautar wuta sun shiga birni mafi tsarki sun fita da gicciye, sama ba ta faɗo ba. Tambayar da ta cika wa'azin lokacin ita ce: wane zunubi muka yi har Allah ya juya mana baya?

To yaƙin addini ne ke nan, Majusu da Nasara?

Haka yake a ido daga nesa, amma da an matso sai hoton ya rikice. Matar da Kisra ya fi so, Shirin, Kirista ce. Babban ma'ajinsa Yazdin Kirista ne. Likitan fadarsa Jibrilu na Sinjar shi ma haka. A Iraƙi, cibiyar daular Farisa, Kiristoci sun yi yawa ƙwarai, suna da majami'arsu da ta daɗe da raba gari da ta Kustantiniyya. Shi ya sa ba a wulaƙanta gicciyen a Farisa ba, adana shi aka yi a cikin taska.

A ɓangaren Rum ma kan Kiristoci ba a haɗe yake ba. Tun taron malaman coci na Kalsidon a 451 aka rabu a kan yadda za a bayyana allahntaka da mutuntakar Almasihu a aƙidarsu. Yawancin mutanen Masar da da yawa daga na Sham suka ƙi matsayar fada, aka yi ta korar limamansu shekara da shekaru. Kisra ya gane wannan ɓaraka, ya riƙa damƙa majami'u a hannun waɗanda Kustantiniyya ta ware. Ga mutumin da aka kori limaminsa tun zamanin kakansa, zuwan Farisawa ba lallai ya zama ƙarshen duniya ba.

Kada kuma a ɗauka Kisra mai sassauci ne. Daga 608 har mutuwarsa ya hana Kiristocin ƙasarsa naɗa shugaba, kuma Bamajushen da ya bar addininsa yana iya rasa ransa. Ra'ayina shi ne yaƙin ya fara a matsayin rigimar sarakuna a kan ƙasa da haraji, faɗuwar Ƙudus ce ta ba Hirakal damar sa masa rigar addini, kuma ya sa masa ita sosai.

Ina matsayin Yahudawa a ciki?

Tun 135 Rumawa suka hana su zama a Ƙudus, kuma a ƙarƙashin sarakunan Kirista dokoki suka ƙara matse su. Don haka da Farisawa suka iso, Yahudawan Galili da yawa suka mara musu baya, har ana ambaton wani attajiri Bilyaminu na Ɗabariyya a cikin masu taimakawa. Na ɗan lokaci suka samu faɗa a ji a birnin. Marubutan Kirista sun ɗora musu kaso mai yawa na kisan Mamilla, sai dai waɗannan marubuta maƙiyansu ne tun kafin yaƙin, ya kamata mai karatu ya riƙe wannan. Wajen 617 Farisawa suka lissafa suka ga Kiristoci ne mafi rinjaye a ƙasar, suka juya wa Yahudawa baya. Da Hirakal ya dawo kuma ya sake korar su daga birnin, aka kashe da dama. Sun ga wuya a hannun ɓangarorin biyu.

Yaya labarin ya isa Makka, kuma me ya sa ya dame su?

Ƙuraishawa fatake ne, ayarinsu na zuwa Busra da Gaza kowace shekara. Garuruwan da suke saye da sayarwa a ciki su ne ake ci ɗaya bayan ɗaya, don haka ba jita-jita suke ji ba. A daidai wannan lokaci kira ya fito fili a Makka, azaba ta tsananta a kan raunana irin su Bilal da iyalan Yasir.

Malaman tafsiri sun ruwaito cewa mushirikai sun yi murna da nasarar Farisa. Suna ganin Farisawa irinsu ne, Rumawa kuwa ma'abota littafi ne kamar Musulmi, don haka suka riƙa cewa yadda 'yan'uwanmu suka ci 'yan'uwanku haka za mu ci ku. Sai farkon Suratur Rum, sura ta 30, ya sauka: an rinjayi Rumawa a ƙasa mafi kusa, kuma su bayan rinjayar da aka yi musu za su yi rinjaye, a cikin 'yan shekaru. Kalmar da aka yi amfani da ita, "bid'i", a Larabci tana nufin daga 3 zuwa 9. Game da ƙasa mafi kusa, da yawan malamai sun ce yankin Azri'at da Busra ne a kudancin Sham, wasu suka ce Jazira, yankin da ke tsakanin kogin Dijla da Furatu.

A nan ne labarin Sayyidina Abubakar ya shigo. Ya fita yana karanta ayoyin a bainar jama'a, Ubayyu ɗan Khalaf ya ƙaryata shi, suka sa sharaɗi a kan raƙuma 10 zuwa shekara 3. Wannan kafin a haramta caca ne. Da ya gaya wa Annabi (SAW), sai ya nuna masa cewa kalmar tana kaiwa har 9, ya ƙara wa'adi. Aka mai da shi raƙuma 100 zuwa shekara 9.

Shekara guda bayan faɗuwar Ƙudus, a Rajab na shekara ta 5 da aike, wajen 615, rukunin farko na Musulmi suka tsallaka Bahar Maliya zuwa Habasha, wajen Najjashi, sarki Kirista. Sayyidina Usman da matarsa Ruƙayya, 'yar Annabi (SAW), suna cikinsu.

Me ya sa Ubayyu ya yarda ya sa raƙuma har 100? Rumawa sun lalace haka ne?

Wanda ya kalli al'amura a lokacin da lissafin ɗan kasuwa, ba zai ga laifin lissafinsa ba, domin bayan 614 abin ƙara taɓarɓarewa ya yi. A 615 rundunar Farisa ta kai Kalsidon, ana hango ta daga ganuwar Kustantiniyya, ruwa kawai ya raba su. Majalisar dattawan Rum ta rubuta wa Kisra wasiƙar ƙasƙantar da kai, tana roƙon ya ɗauki Hirakal a matsayin ɗa. Kisra ya tsare jakadun uku, ba su dawo ba. A 618 aka daina rabon burodi kyauta a babban birnin, al'adar da ta kusa shekara 300. A 619 Iskandariyya ta faɗi, Masar, rumbun hatsin daular, ta tafi. Ta arewa kuma ƙabilun Awar da Silabawa suna cin ƙasashen Balkan.

Akwai wani kuɗin azurfa da Hirakal ya buga a 615, nauyinsa bai kai giram 7 ba, da shi aka riƙa biyan albashi a kan rabin abin da aka saba. A bayansa akwai gicciye a kan matakala, kewaye da rubutun Latin mai cewa: Allah ka taimaki Rumawa. Daular da ta saba buga kirarin nasara a kan kuɗinta, ga ta tana buga addu'ar neman agaji a kan abin da kowane soja zai riƙe a tafin hannunsa.

To yaya aka yi reshe ya juye da mujiya?

Babban limamin Kustantiniyya, Sarjiyus, ya buɗe taskokin majami'u, aka narkar da kwanuka da fitilun zinariya da azurfa aka buga kuɗi. Da su Hirakal ya sake gina runduna, ya fita da kansa a 622, shekarar Hijira. Bai tsaya ƙwato garuruwa ɗaya-ɗaya ba, sai ya bi ta duwatsun Armeniya ya faɗa cikin Farisa ta baya. A 624, shekarar Badar, ya rusa babban ɗakin wutar Majusu na Adur Gushnasf a arewa maso yammacin Iran ta yau, ramuwar Ƙudus ke nan. A 626 Farisawa da Awar suka yi wa Kustantiniyya ƙawanya suka kasa. A Disamba 627 ya ci rundunar Farisa a Ninawa, kusa da Mosul. A Fabrairu 628 manyan Farisa suka gaji, suka ɗora ɗan Kisra, Shiruwaihi, aka kashe uban a kurkuku.

Shi ya sa malamai suka kasu biyu a kan lokacin cikar alkawarin surar. Wasu suka ce ranar Badar labarin ya iso, wasu suka ce lokacin Hudaibiyya, a 628.

Ban da sarakuna da kwamandoji, wa ya cancanci a tuna da shi?

Ni dai Yohanna na Iskandariyya nake fara ambata, babban limamin da ake wa laƙabi da mai sadaka. 'Yan gudun hijira daga Sham da Falasɗinu suka cika birninsa, ya buɗe musu masauki da wuraren jinya, ya aika mutane da kuɗi su fanshi kamammu. Wanda ya rubuta tarihinsa ya lissafa abin da ya aika Ƙudus: tsabar zinariya 1,000, buhun alkama 1,000, na wake 1,000, busasshen kifi, ƙarfe, da ma'aikata Misirawa 1,000 don gyaran gini. Wanda ya karɓi kayan shi ne Modestus, shugaban wani gidan ruhubanawa, wanda ya riƙe birnin bayan an tafi da Zakariya, ya bi gari-gari yana neman taimako har ya gyara majami'un a ƙarƙashin mulkin Farisawan da suka ɓata su.

Akwai kuma wani sojan dokin Farisa, Magundat, ɗan malamin Majusu. Ganin yadda ake maganar itacen da aka kawo ganima ya sa ya fara tambaya, daga baya ya bar soja, ya karɓi Kiristanci a Ƙudus da sunan Anastasiyus. Aka kama shi, aka shaƙe shi a Janairu 628, wata guda kafin a kashe Kisra.

Sauran duniya fa, me take ciki a 614?

A Sin, Sarki Yang na gidan Suwi ya sake kai wa masarautar Goguryo ta Koriya yaƙi, bayan asarar ɗaruruwan dubban sojoji a 612. Tawaye ya cika ƙasarsa, a 618 gidan Tang ya karɓi mulki. A Faransa, Sarki Kulotar na Biyu ya fitar da dokar birnin Paris a Oktoba, wadda ta tabbatar wa manyan ƙasa da limamai haƙƙoƙinsu. A arewacin Italiya wani dattijon rahibi ɗan Ayalan, Kolumbanus, ya kafa gidan ruhubanawa na Bobbiyo, wanda ya zama ɗaya daga manyan ma'ajiyar littattafai a Turai.

Ina aka kwana da gicciyen, da birnin kansa?

Modestus ne ya gaji Zakariya a matsayin babban limamin Ƙudus. Shahrabaraz, wanda ya ci birnin, shi ne ya daidaita da Hirakal a kan janye sojoji da mai da gicciyen. Ya hau gadon Farisa a 630, aka kashe shi bayan kimanin kwana 40. A Maris na wannan shekara Hirakal ya shiga Ƙudus da itacen, ya mai da shi wurinsa. A zamanin wannan nasara ne wasiƙar Annabi (SAW) ta same shi ta hannun Dihyatul Kalbi, har ya sa aka kawo masa Abu Sufyan, wanda fatauci ya kai Sham, ya yi masa tambayoyin nan da suka shahara a hadisi.

Dauloli biyun sun fito daga yaƙin shekara 26 a jigace, taska ba kuɗi, garuruwan iyaka a rushe. A 636 rundunar Musulmi ta ci ta Hirakal a Yarmuk, aka riga aka kwashe gicciyen zuwa Kustantiniyya. A cikin waɗanda suka yi kukan 614 akwai wani rahibi ɗan Dimashƙ, Safroniyus, wanda ya rubuta waƙar makoki a kan faɗuwar birnin. Shi ne babban limamin Ƙudus lokacin da Musulmi suka kewaye ta, kuma shi ya miƙa ta ga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi wajen 638, bisa alkawarin aminci ga rayukan mutanenta da dukiyoyinsu da majami'unsu.